Wa Zai Karɓi Ragamar Giants Bayan Gettleman?

Litinin, 10 ga Janairu 2022

Baban Khalifa (Bronx): Assalamu alaikum 'yan zaure. Labarin da muka daɗe muna jira ya fito, Dave Gettleman ya sauka daga kujerar babban manajan New York Giants, ƙungiyarmu a NFL, gasar ƙwallon Amurka, sun ce ritaya ya yi. Shekara huɗu, wasa 65, mun ci 19, an doke mu a 46. Jiya ni da Khalifa muna cikin filin MetLife, wasan ƙarshe da Washington. Sanyi na ratsa riga, kujeru da yawa babu kowa. Ana cikin wasa aka matse mu kusa da layin gidanmu, yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi 10, saura yadi 9, sai kwatabak, wato mai jifan ƙwallo da ke jagorantar hari, ya rungume ƙwallo ya dunƙule ya faɗa cikin mutane, don dai a samu ɗan fili a harba ta nesa. Yaron nan ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Baba, ba sa son su ci ne?" Wallahi ban sami abin faɗa masa ba. An tashi 22 da 7. To yanzu kujera ta zama wofi. Wa kuke ganin ya dace?

Abba Fagge (Kano): Wa alaikumus salam Yaya. Ku yi mini haƙuri, ni bana na fara bin wasan nan, sai dare ya tsala nake samun kallo. Na ɗauka koci ne mai laifi. Shi wannan babban manajan mene ne aikinsa da har kowa ke murnar tafiyarsa?

Baban Khalifa (Bronx): Abba, tambayarka na kan hanya. Cire tunanin Firimiya tukuna. A NFL ƙungiya 32 ce, babu faɗuwa ƙaramin rukuni, kuma ba a zuwa da buhun kuɗi a sayi ɗan wasa daga wata ƙungiya. Duk shekara, wajen ƙarshen Afrilu, ana zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, wanda ya fi kowa shan kashi shi ke fara ɗauka. Sannan akwai iyakar albashi da ba mai tsallake ta. Babban manaja shi ke zaɓen matasan nan, shi ke sa hannu a kwantiragi, shi ke musayar 'yan wasa, shi ke haɗa mutum 53 da za su buga kaka. Koci girki yake yi, amma cefanen na manaja ne. In aka kawo maka ruɓaɓɓen tumatir, ko kai waye miyar ba za ta yi daɗi ba.

Maman Ilham (Newark): Kuma wanda zai zo ba cefane kaɗai zai tarar ba, bashi zai tarar. Ni aikina lissafi ne, shi ya sa nan idona ke fara zuwa. Iyakar albashin 2021 dala miliyan 182.5 ce, ta bana ana sa ran za ta kai wajen miliyan 208. Duk da ƙarin, Giants kusan ba su da wurin motsi. Kenny Golladay an ba shi shekara huɗu a kan miliyan 72, ya gama kaka bai shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo ko sau ɗaya ba. Leonard Williams shekara uku miliyan 63. Tun 2018 aka zuba wa Nate Solder miliyan 62, katangar 'yan wasan da ke kare kwatabak har yau ba ta tsaya ba. Ƙungiyar da ta ci wasa 4 cikin 17 tana kashe kuɗi kamar mai neman kofi. Duk wanda aka ɗauka, aikinsa na farko sallamar mutanen da muke so ne, kuma za mu zage shi a kai.

Ɗan Zongo (Bronx): Hajiya gaskiya kika faɗa, amma akwai abu ɗaya mai kyau a hannu: zaɓi na 5 da na 7 a zagayen farko. Na 7 ɗin daga Chicago ya zo, lokacin da suka yi musayar lamba da mu bara, suka hau sama don su ɗauki kwatabak Justin Fields. Wannan kam sai a yaba wa Gettleman. Andrew Thomas ma ya fara zama mutum, ga Azeez Ojulari, ɗan asalin Najeriya, ya kayar da kwatabak na abokan hamayya sau 8 a shekararsa ta farko. Ba kango ba ne gaba ɗaya.

Alhajin Harlem: Yarana, sannunku da hira. Ni tun zamanin Lawrence Taylor nake bin ƙungiyar nan, bari in ba ku abin da na gani, don in ba ku san asalin ciwon ba za ku yi ta shafa magani a inda ba nan ke zafi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 Giants ta lalace fiye da tunani. Masu ita biyu, Wellington Mara da ɗan ɗan'uwansa Tim Mara, ba sa ga maciji da juna, kowa ya kawo mutum ɗayan ya ƙi. Sai da shugaban NFL na lokacin, Pete Rozelle, ya shiga tsakani ya nuna musu George Young, wanda ke aiki a Miami. Baƙo ne, ba ɗan gida ba. A 1979 ya zo, ya ɗauki Phil Simms a shekarar, ya ɗauki Taylor a 1981, ya ba Bill Parcells koci. Kofi biyu na Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, suka biyo baya, Janairun 1987 da Janairun 1991. To daga nan fa ba a sake leƙa waje ba. Ernie Accorsi mataimakin Young ne kafin ya gaje shi, shi ya kawo Eli Manning a 2004. Jerry Reese a gidan ya girma, ya karɓa a 2007, ya ci kofi biyu. Gettleman ma tsohon ɗan gida ne, ya je Carolina ya dawo. Shekara 43 ke nan ana gadon kujera a cikin dangi ɗaya. Da ya yi amfani, ban musa ba. Amma ruwan da ba ya gudu shi ke wari. Daga 2017 zuwa yau wasa 22 muka ci, aka ci mu 59.

Saboda haka ni ba sunan mutum nake jira ba. Abin da nake so in gani, John Mara, ɗan Wellington, ɗaya daga masu ƙungiyar, zai iya miƙa wa baƙo makulli ya koma gefe? Ƙaninsa Chris Mara babba ne a sashen zaɓen 'yan wasa, akwai kuma ɗan 'yar'uwarsa a wannan sashen. Yaya manaja zai ce wa ƙanin mai gida ra'ayinka bai yi ba?

Maman Ilham (Newark): Baba Alhaji, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na taɓa aiki a wani kamfani na iyali, aka ɗauko manaja daga waje da albashi mai tsoka, aka ce an ba shi wuƙa da nama. Duk taron da za a yi da safe, kafin la'asar ƙanin mai kamfanin ya shiga ofishin yayansa ya rufe ƙofa, gobe a wayi gari an canza magana. Bawan Allah nan wata goma ya yi ya tattara takardunsa. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya, kawai dai maganarsa ba ta wuce ƙofar ofishinsa.

Talata, 11 ga Janairu

Ɗan Zongo (Bronx): Jama'a, an sallami kocinmu Joe Judge ma. Wasa 10 ya ci a shekara biyu, aka ci shi 23.

Baban Khalifa (Bronx): Alhamdu lillahi, wannan shi ne daidai. Da an bar shi, babu manajan kirki da zai yarda ya zo a ɗaura masa kocin da ba shi ya zaɓa ba. Kocinmu uku na baya-bayan nan, McAdoo, Shurmur, Judge, ba wanda ya wuce shekara biyu. Yanzu a bar sabon manaja ya kawo nasa, su tashi tare ko su faɗi tare.

Abba Fagge (Kano): Mu ma nan yau farin ciki muke, Super Eagles ta ci Masar ɗaya da nema a Garwa, Iheanacho ya zura. Wata guda kacal da sallamar Rohr. Wani lokaci canjin kansa magani ne.

Alhajin Harlem: Barka, Abba. Amma gasar wata ɗaya daban, gina ƙungiya daban. A nan kuskuren rana ɗaya a watan Afrilu sai ya ci maka shekara biyar.

Laraba, 19 ga Janairu

Baban Khalifa (Bronx): To magana ta fara fitowa fili. Mutum tara suka yi wa tambayoyi, duk daga waje, ba ɗan gida ko ɗaya. Baba Alhaji, ka ga an fara jin maganarka. An tace saura uku: Joe Schoen na Buffalo, Ryan Poles na Kansas City, da Adam Peters na San Francisco. Ni dai ban ɓoye ba, Schoen nake so.

Ɗan Maraɗi (Buffalo): Ni da nake zaune a garin bari in ba da shaida, ko da yake ba na son ku ɗauke mana shi. Lokacin da na zo Buffalo, ƙungiyar nan, Bills, ta yi shekara 17 ba ta shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale ba. A 2017 Brandon Beane ya zama manaja, ya taho da Schoen mataimaki. Abin da suka fara yi ya ba mutane haushi: suka rabu da manyan sunaye irin su Sammy Watkins da Marcell Dareus, suka tara zaɓuɓɓuka, suka haɗiye asarar kuɗi a shekara guda. A 2018 suka hau sama suka ɗauki kwatabak Josh Allen a lamba 7, alhali masana da yawa na cewa yaron ba ya iya saita jifa. Suka yi haƙuri da shi, suka nemo masa Stefon Diggs a 2020. Ranar Asabar ɗin nan kun ga abin da ya faru da New England, 47 da 17, duk lokacin da muka karɓi ƙwallo sai mun kai ta gida, sau bakwai a jere. A wurin aikinmu har wanda bai damu da ƙwallo ba ya zo da hular Bills ranar Litinin. Halin da kuke ciki yau, kuɗi a ɗaure, kwatabak ba tabbas, shi ne halin da Schoen ya tarar a nan. Ya san hanyar fita saboda ya bi ta da ƙafarsa.

Ɗan Zongo (Bronx): Ɗan'uwa, 2018 ɗin da ka ambata ita ke hana ni barci. Muna da lamba 2, Allen na zaune, ɗan katanga Quenton Nelson na zaune, muka ɗauki Saquon Barkley. Ina son Saquon har zuciyata, ya zama gwarzon sababbi a shekarar, amma mai gudu da ƙwallo ba ya gudu in ba a buɗe masa hanya ba, ga shi gwiwa ta tsinke a 2020. Shi ya sa ni Poles nake so. Shi kansa ɗan katanga ne lokacin da yake wasa a Boston College, ya san abin da ake nema a jikin mai tare mutane. Ku tuna yadda Tampa ta yi wa Kansas City 31 da 9 a Super Bowl na bara, kwatabak ɗinsu Mahomes na ta gudun ceton rai. Cikin 'yan watanni suka sake katangar gaba ɗaya: suka kawo Joe Thuney da Orlando Brown, suka ɗauki Creed Humphrey a zagaye na biyu, Trey Smith a zagaye na shida. Abin da muka kasa yi a shekara huɗu ke nan. Kuma tun 2009 yake can, ya yi aiki a ƙarƙashin Pioli, Dorsey, da Veach. Manaja uku kowa ya zo ya riƙe shi, wannan ba banza ba.

Maman Ilham (Newark): Malam Ɗan Zongo, ban raina Poles ba, amma shekararsa 36, kuma bai taɓa zama na biyu a ofis ba. Ga tambayar da nake yi a kan su ukun duka: ta ina muka san wane ne ya nuna wane? Humphrey ɗin nan, Poles ne ya dage a kansa ko Veach? Allen, Schoen ne ko Beane? Mu daga waje sakamakon gida muke gani, ba ma ganin wanda ya yi magana a ɗaki. In dai da sakamako za a auna, Peters ya fi su daɗewa a gidajen nasara. Ya fara a New England, ya yi shekaru a Denver har suka ci kofi, sannan San Francisco tun 2017. George Kittle a zagaye na biyar aka same shi, Fred Warner a na uku, Deebo Samuel a na biyu. Ƙungiyar da ba ta da kuɗi, irin waɗannan zagayen ne abincinta, don albashinsu kaɗan ne na shekara huɗu.

Baban Khalifa (Bronx): Hajiya, in za ki ba shi Kittle sai ki ba shi Solomon Thomas a lamba 3 shi ma, wanda bai yi abin da aka sa rai ba. Kuma bara suka ba da zaɓin farko na shekara biyu masu zuwa don kwatabak Trey Lance, yaron kusan a benci ya ƙare kaka.

Maman Ilham (Newark): Na karɓa. Ai maganata ke nan, ba wanda za a wanke tas. Abin da zan so a tambaye su a ɗakin nan guda ɗaya ne: me za ka yi da kwatabak ɗinmu Daniel Jones? Zuwa farkon watan Mayu dole a yanke ko za a ƙara masa shekara ta biyar a kwantiraginsa. Ya ƙare kaka da ciwon wuya. Masu gida suna son sa, kowa ya sani. Wanda ya iya kallon idon Mara ya faɗi abin da ya gani, ba abin da Mara ke son ji ba, shi ne mutumina ko daga ina ya fito.

Ɗan Zongo (Bronx): Akwai kuma abin da ba zan yi shiru a kai ba. Yawancin 'yan wasan NFL baƙar fata ne, amma bayan korar Brian Flores a Miami da David Culley a Houston, Mike Tomlin kaɗai ya rage koci baƙar fata. Dokar Rooney tun 2003 take, ta ce dole a saurari marasa rinjaye kafin a ɗauki mutum, daga baya aka faɗaɗa ta ta haɗa da kujerar manaja. Sau nawa ake kiran mutum don a cika sharaɗi kawai? Ba cewa nake a ɗauki Poles don fatarsa ba. Cewa nake kada a kira shi zagaye na biyu alhali an riga an gama magana.

Alhajin Harlem: Ɗana, damuwarka gaskiya ce kuma ina tare da kai a kanta. Sai dai a yi wa gidan nan adalci a wannan gaɓar: su suka ba Jerry Reese kujera, ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl a matsayin babban manaja, a Fabrairun 2008, a kakarsa ta farko. Matasan da ya zaɓa a shekarar, irin su Steve Smith da Kevin Boss da Ahmad Bradshaw na zagaye na bakwai, duk sun taka rawa a wasan da muka hana New England kammala kaka ba tare da an doke ta ba. Na kalli wasan a wani ɗaki da muka cika mu fiye da goma, maƙwabta har suka buga mana bango.

Sai dai akwai abin da nake so ku lura a kan Schoen, tunda naga iska can take kaɗawa. Beane da ya koyar da shi, a Carolina ya tashi, kuma ya yi wa Gettleman mataimaki a can. Shi Schoen ɗin ma a Carolina ya fara. Wato ba baƙo ne ɗari bisa ɗari ba, akwai zare tsakani.

Ɗan Maraɗi (Buffalo): Baba, da girmamawa, Schoen ya bar Carolina zuwa Miami tun 2008, Gettleman kuwa sai 2013 ya je. Ba su zauna ofis ɗaya ba. Kuma yadda Beane ke aiki ya sha bamban da na tsohon ubangidansa Gettleman.

Alhajin Harlem: To madalla, ka gyara mini. Na janye rabin maganar, rabin kuma ina riƙe da ita sai na ga wa zai zauna kusa da shi ranar zaɓe.

Juma'a, 21 ga Janairu

Baban Khalifa (Bronx): Jama'a an gama! Joe Schoen ne. Ina ɗauke da fasinja na ji a rediyo, sai da na sauke shi na samu wuri na faka kafin in rubuto. Shekararsa 42. Karo na farko tun 1979 da aka ɗauko wanda bai taɓa aiki a gidan ba.

Ɗan Zongo (Bronx): Allah ya sa alheri. Zuciyata na wurin Poles, kuma na tabbata ba zai daɗe bai samu kujera ba, Chicago da Minnesota duk suna neman manaja. Amma tunda an ɗauka, namu ne. Roƙona ɗaya, cikin lamba 5 da 7 ɗaya ta tafi ga katanga.

Maman Ilham (Newark): Amin. Ni zan sa ido a watan Maris, lokacin da kasuwar 'yan wasa ke buɗewa. In na ga ya riƙe hannunsa bai yi rabon miliyoyi ba, zan san ya karanta littafin da na karanta.

Ɗan Maraɗi (Buffalo): Kun ɗauke mana ɗaya, kuma jikina na ba ni za ku dawo ku ɗauki Brian Daboll, mai tsara mana kai hari. Shi ya raini Allen tun shekararsa ta farko.

Ɗan Zongo (Bronx): Ko Flores. Ɗan Brooklyn ne, ya ci wasa 19 a kaka biyun ƙarshe a Miami, kuma ya riga ya san zafin kujerar. A nan za mu gane ko Schoen ne ke zaɓe ko masu gida.

Abba Fagge (Kano): Yaya Baban Khalifa, ka gaya wa Khalifa ya ƙara haƙuri, ya ci gaba da sa rigarsa. Jibi Lahadi dare biyu gare ni, Najeriya da Tunisiya ƙarfe takwas, sannan Buffalo da Kansas City sha biyu da rabi na dare agogonmu. Ina so in ga Allen ɗin nan da kyau, tunda wanda ya taimaka aka zaɓo shi yanzu namu ne.

Alhajin Harlem: Duk wanda ke kusa ya zo gidana ranar Lahadi, mu haɗa wasan biyu. Na Najeriya ƙarfe biyu na rana ne a nan, na Buffalo shida da rabi. Hajiya ta ce za ta yi waina da miyar taushe. Baban Khalifa, ka taho mini da yaron, ina da tsohon faifan wasan 1991 da nake so ya gani kafin a fara.